Bel ɗin samfefa: yadda za ka zaɓa kuma ka yi aiki da shi lafiya

Yan uwa kafintoci, duk wanda ya koma amfani da injin goge katako mai bel ya san an huta da gugan hannu, amma fa injin nan ba ya da tausayi, minti ɗaya ka yi sakaci zai iya kwakule maka teburin da ka kwana uku kana haɗawa.

Kafin ka tafi kasuwa ka duba girman bel ɗin injinka. Injin Makita 9403 yana cin bel mai 100 x 610, ƙananan kuma yawanci 75 x 533 ne ko 76 x 457, duk a milimita. Ni dai tsohon bel ɗin nake nannaɗewa in sa a aljihu, don wani mai shagon cewa zai yi "ai duk ɗaya ne oga", ka dawo ka tarar ya yi sako-sako.

Sai lambar da ke bayan bel ɗin. Ƙaramar lamba kaushi, babba laushi. P40 ko P60 na cire tsohon fenti ne da daidaita katakon da zarto ya bari da tudu da kwari, P80 ya share sawun na farko, P120 ya kawo sumul. To nan ne yaran shago ke ɓata aiki, yaro ya gama da 40 sai ya yi tsalle zuwa 120 wai yana sauri, a ido kamar ya yi kyau, ana shafa banish kuwa sai ka ga layi layi sun fito kamar kaza ta yi tono. Bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ka bi tsawon jijiyar katakon, kar ka gitta. Bel mai ruwan ƙasan nan da ya cika kasuwa, aluminiyam oksaid, ya ishi katako. Mai shuɗi, zirkoniya, ya fi tsada amma shi ya dace da masu walda. Filawud kuwa fatarsa siririya ce, ni ba na kai masa injin nan sam.

Wajen sa bel, cire filogi daga soket tukuna. Ba kashe makunni kawai ba. Wata rana an ɗauke mana wuta ina tsakar aiki, na ajiye injin a kan benci na manta maɓallin riƙe makunnin yana danne, ana kawo wutar sai ga inji ya zabura ya yi ƙasa da gudu, Allah ya tsare babu ƙafar kowa a wurin. A cikin bel akwai kibiya, ka daidaita ta da ta jikin injin, in ba haka ba mahaɗin na iya ɓallewa. Ka kunna a sama, ka murɗa ɗan noti na gefe har bel ya tsaya a tsakiya.

Kar ka danna, nauyin injin ya isa, dannawa zafi kawai take kawowa ta ƙona katako ta narkar da gam. Hannu biyu, wayar ta bayan kafaɗa, katakon a ɗaure da kilam, wato ƙarfen matse katako, tsofaffin ƙusoshi kuma a cire su. Malam, tuɓe babbar riga ka naɗe hannun ta ciki. Takunkumi da tabarau dole, ƙurar katakon iroko ma har asma take jawowa. In za ka goge ƙarfe cire jakar ƙurar ka kakkaɓe injin, tartsatsi ɗaya a cikin garin katako ya isa tada gobara.

Sababbin bel kuma kar a jibge su ƙarƙashin kwano mai zafi ko inda damina ke jiƙawa, rataye su a inuwa. Wanda gefensa ya fara yagewa a yanka shi gunduwa gunduwa a ba yara su yi gugan hannu da shi.