Yadda ake haɗa kunnen kura, dila ko zomo don tashe da wasan makaranta

Yaron da zai fito a kura, ko a tashe ko a wasan kwaikwayon makaranta, da kunne ake fara gane shi tun daga nesa. Kunnen kura gajere ne mai zagayayyen baki, na dila da na sayaki masu tsini ne, na zomo kuwa dogo ne siriri. In siffar ta kuskure, sai ka ji 'yan kallo suna tambayar ko akuya ce.

Fatar gaske ba ta dace da wannan aiki ba, tana da nauyi, kuma in ba ta jemu da kyau ba tana wari da zarar gumi ya taɓa ta. Abin da ake nema shi ne ƙyalle mai gashin roba, irin na wuyan rigar sanyi ko jikin 'yar tsana mai gashi. Ranar kasuwa ka duba wajen 'yan gwanjo. In aikin na aji guda ne, ka ba mai shiga birni sallahu ya duba kasuwar Ƙofar Wambai ko Kantin Kwari a Kano. Yanki mai inci 12 a kowane gefe ya ishi yaro ɗaya. Sauran kayan: sabuwar reza, alli, kwali, allura da zare mai ƙwari, tsohuwar jarka, guntun karan-miski ko yadi mai laushi na cikin kunne, da hular sanyi daidai kan yaron.

Ka fara zana siffar a kwali. Na zomo inci 8 a tsawo, 3 a faɗi. Na dila 4 da rabi a tsawo, 4 a gindi. Na kura 3 da rabi kowane gefe. Ka bar rarar rabin inci don ɗinki.

Kafin ka ɗora kwali, ka shafa ƙyallen da tafin hannu ka ga inda gashin ya kwanta, sannan ka kifa shi ka ja kibiya da alli a baya. Dole gashin ya tashi daga gindin kunne ya nufi tsini. A nan aka fi yin ɓarna: kunne ɗaya gashinsa na kallon sama, ɗayan na kallon ƙasa, sai su fito kamar launinsu daban alhali yadi ɗaya ne. Idan ka zana na dama, ka juya kwalin kafin ka zana na hagu, in ba haka ba ka samu kunnen dama guda biyu.

Almakashi ya huta. Yana datse gashi tare da yadi, bakin kunnen ya zama kamar askin da aka yi cikin duhu. Ka bar ƙyallen a kife, ka ɗan ɗaga shi da hannu ɗaya, ka bi layin alli da tsinin reza kana yanka saƙar baya kawai. In ka gama, ka raba da yatsu a hankali, gashin zai rabu da kansa.

Ka haɗa mai gashi da yadin ciki fuska da fuska, kana tura gashin ciki da allura yayin da kake ɗinki. Ɗinkin hannu ya fi sauƙi a nan, domin keke yana cinye gashi a lanƙwasa. Ka bar gindi a buɗe, ka rage rarar da ke tsini, sannan ka juya. Gashin da ya maƙale a ɗinki ka zaƙulo shi da allura, ka taje da tsohon buroshin haƙori.

Yanzu abin da zai tsayar da kunnen. Kwali yana jin gumi ya langaɓe tun a daren farko. Ka yanko bangon jarka mai laushi, wadda aka wanke tas, ya gaza siffar da rabin inci kowane gefe, ka goge kaifinsa a siminti, ka zura. Ga na zomo, wanda ake so ya ɗan lanƙwashe, waya ta fi: ka lanƙwasa ta ta bi gefen kunnen, ka naɗe bakinta biyu da filaya su zama zobe, ka lulluɓe da salatif. Kada a bar bakin waya tsirara a kan yaro mai tsalle-tsalle.

Gindin kunne ake naɗewa kaɗan, gefen dama ya matso na hagu da kamar inci ɗaya, a kama da zare. Wannan naɗi shi ke ba kunne kwarmi, kuma shi ke hana shi faɗuwa baya. Ka sa wa yaron hular, ka gwada wurin da alli, ka cire, sannan ka ɗinka gindin a lanƙwashe kamar jinjirin wata, gaba da baya. Na dila da zomo su hau tsakar kai da tazarar yatsu huɗu, na kura su ɗan sauko gefe. Yarinya mai hijabi a ɗinka mata a faffaɗan roba ta ɗaura ta sama.

Gam mai saurin kamawa yana sandarar da gashi, kuma yana zafi idan ya haɗu da auduga. In dole ne, ka sa na masu gyaran takalmi, a jikin saƙar baya kaɗai.

Gashin roba ba ya karɓar rinin baba. In kana son baƙin tsini, ka goga baƙin alƙalamin maka kaɗan-kaɗan kana tajewa. Ba a sa masa dutsen guga, kuma tun da tashe da dare ake yi, a nisanta shi da aci-bal-bal da murhun masu shayi, domin narkewa yake ya manne a fata. In ya yi ƙura, ruwan sanyi da ɗan sabulu, a shanya a inuwa, a taje bayan ya bushe.