Kafin ku taɓa maɓallin sabunta waya

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu Tecno, Infinix da Itel da saƙon sabunta Android ya iso wa, kada ku yi gaggawa. Ku fara cika batir, ko ya haura kashi 50, don in kuran ya ɗauke kuma wayar ta mutu ana tsakiyar aiki, sai an dangana da masu gyara a babbar kasuwa. Ku ajiye hirarrakin WhatsApp a Google Drive, ku rage bidiyoyi, sabuntawar na son fili. Wani lokaci ta fi jiga ɗaya, ku bari sai kun samu wifi.

Masu kukan waya na zafi tana shan batir bayan an gama, ku yi haƙuri kwana biyu. Tana sake tsara manhajojinta ne, ga kuma zafin Maradi. In ta wuce mako a haka, to da matsala.

Ni abin da ya fi burge ni tun daga Android 12 shi ne ɗan koren ɗigon da ke fitowa a saman allo duk lokacin da wata manhaja ta buɗe kyamara ko makirfo. Mai tsohuwar waya mai RAM jiga 2 kuwa, kada ya sa rai za ta ƙara gudu.