Kurakuran da aka fi yi wajen gwada faya-fayan konceton bayolin na Sibelius

Da zarar mutum ya fara sauraron kiɗan Turai irin na okestira, ba ya daɗewa sai ya ci karo da konceton bayolin na Jean Sibelius, mutumin Finlan, wato kiɗa mai kashi uku da mai bayolin ɗaya yake kaɗawa a gaba, taron makaɗa na okestira suna mara masa baya. Daga nan kuma sai ya shiga sahun masu cewa wane ya fi wane iya kaɗa shi. Gardamar ba laifi ba ce, yadda ake yin gwajin ne ya ishe ni. A saurari mai bayolin Jascha Heifetz daren jiya da abin kunne, a saurari Hilary Hahn yau da rana ta lasifikar waya, sannan a zo a yanke hukunci. Yawanci abin da aka auna shi ne ƙarfin sauti da aikin injiniya da girman suna, mai bayolin kuwa ko kusa da shi ba a je ba.

Kafin komai, ka tabbatar kiɗa ɗaya kake gwadawa, domin konceton nan iri biyu ne. An fara kaɗa shi a Helsinki a watan Fabrairu na 1904, Victor Nováček ne da bayolin, Sibelius da kansa yake jagorantar makaɗa. Abin bai yi armashi ba, kiɗan ya fi ƙarfin mai kaɗawar. Sibelius ya janye shi, ya datse, ya sake gini, aka fito da sabon a Balin a watan Oktoba na 1905, Karel Halíř da bayolin, Richard Strauss a gaban okestira. Wannan na biyun shi ne kusan kowa yake ɗauka. Na farkon ya zauna a ajiye har sai da iyalan Sibelius suka ba mai bayolin Leonidas Kavakos da madugun makaɗa Osmo Vänskä izini, suka ɗauke shi da okestirar Lahti, kamfanin BIS ya fitar a 1991. Faifan yana ɗauke da duka biyun. Sai ka ji wani ya buɗe na 1904 bai sani ba, ya ga ya doshi minti 40, ya ce Kavakos yana jan ƙafa. Duba shekarar da aka rubuta a jikin sunan waƙar. Idan kuma a kashi na farko ka ji bayolin ya tsaya shi kaɗai ya yi doguwar kadenza, wato wurin da okestira take shiru ta bar masa fili, har sau biyu, to tsohon kake ji.

Rashin daidaita ƙarfin sauti

Wannan shi ne babban kuskure, kuma shi ne wanda mutane suka fi ƙin yarda suna yi. Kunnen ɗan Adam yana fifita abin da ya fi ƙara. Bambancin desibel ɗaya tak a ma'aunin ƙarfin sauti, wanda ba za ka ma ji shi a matsayin ƙara ba, ya isa ya sa ka ce wannan muryar bayolin ɗinsa ta fi cika, ta fi zaƙi, ta fi kusa da zuciya. Daidai yake da a auna maka gero da mudu biyu masu girma daban, ka tafi kana yabon wanda ya cika maka buhu. Faya-fayan da aka sake gyarawa a shekarun baya-bayan nan sau da yawa sun fi tsofaffin fitowa ƙara, don haka ko ɗauka ɗaya ce, fitowa biyu za su iya ba ka ra'ayi biyu.

A konceton Sibelius matsalar ta ninka, saboda yadda ya buɗe. Masu bayolin na okestira suna farawa can ƙasa-ƙasa, an sa wa kayansu abin danne sauti, kamar raɗa. Mai bayolin na gaba ya shigo a kansu a hankali. Wanda bai sani ba sai ya murɗa ƙara don ya ji farkon, ya manta bai mayar ba, ya ji sauran faifan duka da ƙarfin da bai ba abokin gwajinsa ba.

Ni dai ga yadda nake yi, kuma ban ga dalilin da zai hana kowa yi ba. Sauke manhajar gyaran sauti ta Audacity a kwamfuta, kyauta ne. Ɗora faya-fayan biyu, yanko wuri ɗaya daga kowanne, kada ya wuce minti ɗaya da rabi. Yi amfani da sashen daidaita ƙarfin sauti ka kai su lamba ɗaya, ko wace ce, muddin dai ɗaya ce. Daga nan kada hannunka ya ƙara taɓa maɓallin ƙara har ka gama. Kada ka dogara da daidaitawar da Spotify yake yi da kansa, domin yana auna waƙa sukutum ko faifai sukutum, ba gutsuren da kake gwadawa ba.

Ko bayan ka daidaita, da sauran aiki, domin akwai inda aka ajiye makirufo. A ɗaukar Jascha Heifetz ta 1959 da okestirar Cikago, Walter Hendl yana jagora, bayolin yana gaba sosai, kamar a bakin kunnenka ake goga shi. A ta Kavakos kuwa an bar shi a inda yake tsaye, cikin okestira, yadda mai zaune a zaure zai ji shi. Sai yaro ya zo ya ce Kavakos ba shi da ƙarfin hannu. Ina ka auna hannun nasa? Makirufo ka ji. Kuma kusancin yana da nasa sharrin: yana fito da kartar gashin sandar gogawa a kan tsirkiya, abin da ba ya kaiwa layi na goma a zaure, sai wani kuma ya ce Heifetz kaushi gare shi. Duka biyun hukunci ne a kan injiniya. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Jim kaɗan bayan shigowar bayolin, kilarinet, wani abin busa, yana amsa masa da irin kalamansa. Idan ka ji amsar a fili kamar mutum biyu suna zance, ma'aunin ɗaukar daidai yake. Idan sai ka kasa kunne kafin ka tsinto ta, an turo mai bayolin gaba, sai ka rage wani abu daga yabon da kake yi wa girman muryarsa.

Yanke hukunci da agogo

Na biyu a muni shi ne duba tsawon mintuna a ce an gama bincike. Gaskiya ne Heifetz na 1959 yana gama kashi na farko ƙasa da minti 14, alhali yawancin na yanzu suna cin 15 zuwa 17. To sai me? Lambar ba ta gaya maka inda aka kashe lokacin ba. Kadenzar wannan konceto ba a ƙarshen kashi take ba kamar yadda aka saba, Sibelius ya dasa ta a tsakiya, ita ce take ɗauke da nauyin juya kalaman kiɗan. Mutum biyu za su iya tafiya da gudu ɗaya tun daga farko, ɗaya ya tsaya ya numfasa a kadenza, ya ƙara minti guda cur. Wani kuma ya yi sauri a buɗewa ya ja a jigo na biyu, jimillar ta fito daidai da ta wanda bai canja taki ba ko sau ɗaya. Agogo zai ce iri ɗaya ne, kunne kuwa ya san ba su haɗa hanya ba.

Ku daina wannan lalacin. Takardar kiɗan tana nan a shafin intanet na IMSLP, ba a biyan ko sisi. Ko ba ka iya karanta ta sosai ba, za ka iya ganin inda aka rubuta a rage gudu da inda ba a rubuta ba, ka gane wanda ya bi umarnin mai kiɗa da wanda ya ƙara nasa. Ƙara naka ba zunubi ba ne, amma mai gwaji ya kamata ya san wanne ne wanne. Kashi na uku Sibelius ya rubuta masa Allegro, ma non tanto, wato da sauri amma ba can ba. Wanda ya ruga, jerin tsirkiya biyu-biyu da ke hawa sama sai su cakuɗe. Wanda ya ja da yawa, rawar ta mutu. A nan ake gane gwani, kuma daƙiƙa arba'in na farkon kashin sun isa.

Har yanzu akwai masu cewa tsofaffi suna sauri ne saboda faifan garmaho ba ya ɗaukar fiye da minti huɗu zuwa biyar a fuska ɗaya. Iyakar faifan gaskiya ce, a haka Heifetz ya yi ɗaukar farko ta wannan konceto da Thomas Beecham a Landan a 1935. Amma a 1959 a kan tef ya yi, babu abin da ya matsa masa, kuma bai sassauta ba. Saurin nasa ra'ayi ne, a matsayin ra'ayi za a karɓe shi ko a ƙi shi.

Wurare uku nake yankowa, ba na ƙarawa: buɗewar kashi na farko har zuwa amsar kilarinet, shigowar bayolin a kashi na biyu, inda yake rera dogon jigo a can ƙasan muryarsa, nan ake jin yadda mutum yake raba sandarsa da yadda yake kaɗa yatsa a kan sauti, sai farkon na uku. Kowane wuri a ji na wannan, a ji na wancan nan take, a koma na farko. Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe launin sauti na dogon lokaci, bayan rabin sa'a abin da ya rage maka labarin da ka ba kanka ne. Sai an gama wannan ake zama a ji kowanne daga farko har ƙarshe, rana daban-daban, domin gutsure ba ya nuna ko mutum ya iya riƙe ginin minti talatin.

Sauran a taƙaice

Tsohuwar ɗauka ba a hukunta ta da shuu ɗin da ke bayanta. Ginette Neveu ta ɗauki nata a Landan a 1945 da Walter Susskind, shekara huɗu kafin ta rasu a haɗarin jirgin sama, kuma har gobe ana komawa gare shi. Idan za ka gwada ta da Hahn da Esa-Pekka Salonen na 2008, mayar da wayarka ko kwamfutarka sautin bai-ɗaya, wato mono, don faɗin sitiriyo kada ya saye ka. Ka kuma nemi fitowa fiye da ɗaya, domin wasu masu gyara garin kashe shuu suna kashe saman muryar bayolin tare da shi. Wasu kuma sun juya faifan da gudun da ba daidai ba: ƙarin kashi 6 cikin 100 yana ɗaga sauti rabin mataki cif, ko kashi 2 ma ya isa ya sa kiɗa ya ƙara haske da zafin da mai shi bai sa ba. Manhajar saita tsirkiya ta waya za ta nuna maka.

Lasifikar waya ba ta fitar da ƙasan sauti. Kashi na uku kuwa a kan timfani, wato manyan gangunan okestira, da manyan kayan tsirkiya yake tsaye, kowanne da nasa bugun. Idan babu su, rabin kiɗan ka ji.

"Oistrakh" ba sunan faifai ba ne. David Oistrakh ya ɗauki konceton nan da Sixten Ehrling, ya ɗauka da Eugene Ormandy, ya ɗauka da Gennady Rozhdestvensky. Faɗi madugu da shekara, in ba haka ba kai da abokin gardamarka kowa nasa yake nufi. Abin da aka ɗora a YouTube kuma kada ka yarda da sunan da aka liƙa masa sai ka gwada tsawon kowane kashi da na faifan asali.

Wasan da aka ɗauka a gaban jama'a ba a ƙirga masa tuntuɓe a gwada da na situdiyo, inda ake maimaita wuri a ɗinke.

Zancen wai sai ɗan Finlan ne zai iya Sibelius, a bar shi. Kyung-Wha Chung 'yar Koriya ce, ɗaukarta da André Previn ta 1970 tana cikin waɗanda ake ambata har yau, Kavakos kuma Bagirke ne, yana cikin mutum biyun da suka ci gasar Sibelius ta Helsinki a 1985.

Sai suna. Wanda ya san Heifetz yake ji, ya riga ya shirya jin ƙanƙara ko jin wuta, gwargwadon abin da ya karanta. Sa wani ya canja wa gutsattsarin suna zuwa 1 da 2 da 3, ya riƙe takardar a aljihunsa. Rubuta abin da ka ji a kowanne da kalmomin da za a iya dubawa: ya ja numfashi kafin sauti na sama, ya zame daga wannan sauti zuwa wancan, okestira ta rufe shi a nan. "Ya taɓa zuciya" ba ya shiga takardar sai a layin ƙarshe. Bayan ka rubuta ka ajiye alƙalami, sannan a gaya maka waye waye.