Yadda muke kula da ƙanina mai ciwon bipolar

Bipolar ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke kai mutum sama ya dawo da shi ƙasa, a tsakani kuma yakan yi watanni, har shekaru, lafiyarsa ƙalau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kusan mutum miliyan 40 ne ke fama da shi. Ƙanina yana cikinsu, ni ce kuma mai raka shi asibiti, shi ya sa nake son in faɗa wa masu irin wannan marar lafiya a gida abin da ya yi mana amfani.

Ku fara da gane fuskokin ciwon guda biyu. Ƙanina tela ne. Idan abin ya tashi, ƙarfe uku na dare za ku ji kekensa na ta aiki, ya yi barcin awa biyu ya farka garau. Magana ba birki, bai gama wannan ba ya kama waccan. Sai ya karɓi ɗinkin sallah da teloli uku ba za su iya gamawa ba, ya ci bashi ya jibgo yadi, wanda duk ya ce masa ya bi a hankali ya zama maƙiyi. Likitoci suna kiran wannan maniya idan ya kai mako guda, ko ya yi tsananin da sai an kwantar da mutum. Idan kuma ya faɗi, sai ya shige ɗaki ya ja ƙofa, tuwo ya huce a kwano bai taɓa ba, masu ɗinki su yi ta sallama ya ce a ce ba ya nan. Wannan yakan kai mako biyu ko fiye.

Yawanci lokacin faɗuwa ake kai mutum asibiti, saboda lokacin tashi shi a ganinsa bai taɓa jin daɗi irin haka ba. To don Allah ku ba likita labarin tashin, ko da shekaru sun wuce. Idan bai ji ba, zai iya ɗauka ciwon damuwa ne kawai ya rubuta irin su amitriptyline ko fluoxetine su kaɗai, waɗannan kuwa suna iya tayar da maniya ga mai bipolar.

Gado yana da hannu a ciwon, kuma ya fi bayyana daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa ashirin da wani abu. Rashin barci, tashin hankali, wiwi da ƙwayoyi suna tayar da shi, ga mata kuma makonnin farko bayan haihuwa lokaci ne mai haɗari. A dangi za a ce iska ne, za a ce sammu ne. Mu ba mu daina addu'a ba, Hajiya kullum tana yi masa tofi, amma tare da magani. Abin da ba zan taɓa yarda da shi ba shi ne duka da ɗaure mutum da mari. Marar lafiya ne, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Najeriya a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince da haƙƙinsa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, asibitocin koyarwa ma suna da sashen.

Maganin da ya fi daɗewa shi ne lithium, wanda likita John Cade na Ostareliya ya nuna amfaninsa a 1949. Yana aiki sosai, sai dai yana son kula, domin tsakanin adadin da ke magani da wanda ke cutarwa babu nisa. Dole a riƙa gwajin jini a ga yawansa, a duba ƙoda da tayroid, abin nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo. Duk abin da ya rage ruwan jiki yana sa lithium ya taru: zafin Afrilu, amai, gudawa. Haka ma ibuprofen da diclofenac da ake saye a kemis saboda ciwon baya, wanda tela kuwa ba ya rabuwa da shi. Idan kuka ga hannu na rawa sosai, mutum na tangaɗi, harshe ya yi nauyi, ku nufi asibiti nan take. Kafin azumi kuma ku je wurin likita ku tsara lokacin shan magani da na barci, don sahur da tahajjud suna sauya daren mutum gaba ɗaya.

Akwai wasu magungunan. Sodium valproate yana iya yi wa ɗan da ke ciki mummunar illa, saboda haka mace mai shekarun haihuwa ta yi magana da likita tun kafin ta fara. Olanzapine yana kwantar da maniya amma yana sa ƙiba, a riƙa auna nauyi da sukari. Wanda ke yawan mantuwa, a tambaya ko allurar wata-wata za ta dace da shi.

Inda aka fi samun matsala shi ne bayan an samu sauƙi. Mutum ya koma shago, ya yi ƙiba, maƙwabta su ce ai ya warke, me zai yi da ƙwaya? Sai ya ajiye, ciwon ya dawo, musamman idan lithium ne aka yanke lokaci guda. Ku ɗauke shi kamar hawan jini: samun lafiyar alama ce cewa maganin na aiki. Idan yana sa shi kasala ko barci, likita zai iya ragewa ko ya canza, amma kada a yi wannan a gida.

A wajenmu barci ne ma'auni. Akwai ƙaramin littafi a kan keken ɗinkinsa inda yake rubuta lokacin kwanciya da na tashi. Dare biyu ko uku a jere yana gajeren barci ba tare da gajiya ba, to ba ma jiran ranar da aka ba mu, sai mu koma asibiti. Kuma tun yana cikin natsuwa muka zauna muka yi yarjejeniya, shi da bakinsa ya ce: "Yaya, in kin ga na fara, ki karɓi katin bankina ki ajiye." Wannan ya fi a ƙwace da ƙarfi daga baya. Lokacin tashi kada ku yi gardama da shi a kan manyan shirye-shiryensa. Ku rage hayaniya da baƙi, mutum ɗaya ya riƙa yi masa magana a hankali.

Lokacin faɗuwa shi ya fi ba ni tsoro, domin haɗarin kashe kai a wannan ciwo babba ne. Idan ya fara cewa ya zama kaya, ko gara ya huta, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Ku kawar da fiya-fiya da igiya, maganinsa ya koma hannun wani a riƙa ba shi na rana ɗaya-ɗaya, kada a bar shi shi kaɗai, kuma a kai shi asibiti a ranar, ko da dare ne.