Yadda ake bin diddigin lafiyar shugaba ba tare da an keta masa sirri ba

Duk wanda zai yi rubutu ko sharhi kan lafiyar shugaban ƙasa, gwamna ko minista, ya fara raba tambayoyi biyu. Ta farko: me ke damunsa? Wannan tsakaninsa ne da likitansa. Ta biyu: yana iya aikin da ya yi rantsuwa a kai? Wannan ta jama'a ce, kuma ana iya amsa ta ba tare da an ga takardar asibiti ko ɗaya ba. Yawancin rahotannin da suka ɓaci, a nan suka ɓaci: mai rahoto ya tafi farautar sunan cuta, ya bar aikin ofis da ke gabansa bai duba ba.

A fara da buɗe littafin aiki. A rubuta ranar da aka ga mutumin a bainar jama'a na ƙarshe, inda aka gan shi, da tsawon lokacin da ya yi magana ba tare da takarda a hannu ba. A jera ayyukan da doka ko al'ada ta ɗora masa: sa hannu a kan dokoki da kasafi, rantsar da manyan jami'ai, jagorantar taron majalisar zartarwa, karɓar jakadu. Gaban kowane aiki a rubuta ko an yi, waye ya yi, da waye ya gani da idonsa. Zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya nuna amfanin wannan. Ya tafi Jidda ranar 23 ga Nuwamba 2009, aka ce kumburin fatar da ta lulluɓe zuciya ke damunsa. Sunan cutar bai gaya wa kowa ko zai iya mulki ba. Abin da ya nuna giɓin shi ne a ƙarshen Disamba babu shugaban da zai rantsar da sabon Alƙalin Alƙalai, Aloysius Katsina-Alu, sai mai barin gado, Idris Kutigi, ne ya rantsar da shi. Haka kuma ƙarin kasafin da aka ce ya sa wa hannu daga gadon asibiti ya jawo gardama. Irin waɗannan su ne hujja, domin kowa na iya tabbatar da su.

Hoto ba hujja ba ne mai ƙarfi. Hoton shugaba yana murmushi da baƙi yana nuna ya iya zama na minti biyu, shi ke nan. Murya ta waya ta fi shi kaɗan. Abin da ya kamata a nema shi ne zama kai tsaye da 'yan jarida na aƙalla rabin awa, da tambayoyin da ba a tura masa tun jiya ba.

Sai a koma ga kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, don a san wanda za a matsa wa lamba. Sashe na 145 ya shafi rashi na ɗan lokaci: shugaba ya aika wa Shugaban Majalisar Dattawa da Kakakin Majalisar Wakilai takarda, mataimakinsa ya riƙa. 'Yar'aduwa bai aika ba, ƙasa ta yi kwana 78 a haka, har ranar 9 ga Fabrairu 2010 majalisa ta fake da hujjar larura, ta ɗauki hirar da ya yi da BBC a watan Janairu a matsayin sanarwa, ta mai da Goodluck Jonathan muƙaddashi. Gyaran da aka yi wa sashen a 2010 ya toshe wannan kafa: idan kwana 21 suka wuce babu takarda, majalisun biyu za su zartar da ƙuduri, kowacce da rinjaye mai sauƙi, su ba mataimaki riƙo. Saboda haka ranar tafiya ita ce abu na farko da za a tabbatar, daga ita ake ƙirga. Muhammadu Buhari ya aika takarda a tafiye-tafiyensa biyu na jinya zuwa Landan a 2017, Yemi Osinbajo ya riƙa, kuma bai taɓa bayyana cutarsa ba. Mutum na iya ƙorafi kan tsawon zaman, wanda na biyun ya haura kwana ɗari, amma an san mai riƙe da alƙalami. Irin wannan tanadi na gwamnan jiha yana sashe na 190.

Rashin iyawa na dindindin kuwa yana sashe na 144, na gwamna a 189. Matakansa: kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan majalisar zartarwa su zartar cewa shugaba ba ya iya aiki. Shugaban Majalisar Dattawa ya naɗa likitoci biyar, ɗaya likitan shugaban ne, huɗu ƙwararru a fannin da za a bincika. Idan suka tabbatar, shi da Kakaki su sa hannu a sanarwa, a buga a gazet ɗin gwamnati, kujera ta zama babu kowa daga ranar. Matsalar tana matakin farko. Ministocin da za su ɗaga hannu, shi ya naɗa su, kuma tafiyarsa na iya zama tafiyarsu. A ƙarshen Janairu 2010, bayan kotu ta ba su wa'adin kwana 14, majalisar ministoci ta ce 'Yar'aduwa na iya aiki, alhali yana kwance a Saudiyya. A Taraba, bayan hatsarin jirgin Gwamna Danbaba Suntai a Oktoba 2012, an shafe shekaru ana ja-in-ja kan wannan mataki ɗin. Don haka tambayar da za a yi wa kowane minista ko kwamishina, da sunansa, ita ce: yaushe ka gan shi, minti nawa kuka yi, wane batun aiki kuka yanke?

Maganar zargin shugaba da shan giya ta fi kowacce tarko. Alamomin maye, wato harshe ya yi nauyi, tafiya da tangaɗi, rikicewar magana, duk suna fitowa daga wasu abubuwa. Sukari ya faɗi ƙasa da 70 a ma'auni ga mai allurar insulin, mutum zai yi gumi, ya yi rawar jiki, ya yi magana kamar wanda ya sha. Ƙaramin shanyewar ɓarin jiki, cutar Parkinson, maganin barci, wasu magungunan mura da na farfaɗiya, ciwon kunnen ciki, doguwar tafiya a jirgi, kowanne na iya yin haka. Bidiyo kuma ana taɓa shi: a Mayu 2019 an rage gudun wani bidiyon Nancy Pelosi ta Amurka har ta yi kamar mai maye, ya yaɗu a Facebook. Kafin a gina komai a kan guntun bidiyo, a nemo cikakkensa daga gidan talabijin ɗin da ya ɗauka, a gwada tsawon jimla ɗaya a duka biyun.

Abin da ke zama labari shi ne maimaituwa da taɓa aiki. Boris Yeltsin na Rasha ya karɓe sandar jagoran 'yan badujala a Berlin a Agusta 1994, wata ɗaya bayan haka ya kasa fitowa daga jirgi a filin Shannon, Firaministan Ailan Albert Reynolds na tsaye yana jira. Ko a nan ma an yi ta saɓani kan ko giya ce, ko barci, ko zuciya, domin yana da ciwon zuciyar da ya kai shi tiyata a Nuwamba 1996. Abin da babu saɓani a kai shi ne ganawar ba ta yiwu ba, kuma wannan ne ɗan jarida zai iya rantsuwa a kai. Charles Kennedy, shugaban jam'iyyar Liberal Democrats a Birtaniya, ya daɗe yana musantawa, ya amsa da bakinsa a Janairu 2006, ya sauka bayan kwana biyu. Abokan aikinsa da suka ga tarukan da ya ɓata ne suka juya masa baya.

Ƙa'idar aiki a nan: shaidu aƙalla biyu da suka gani da ido, ba su ji daga juna ba, lokuta daban-daban masu rana da wuri, sannan a kai wa mutumin zargin a rubuce da wa'adin amsa. A rubuta abin da aka gani ("ya kasa ƙarasa jawabi, aka riƙe shi zuwa mota"), a bar fassara. A arewacin Najeriya jingina wa Musulmi shan giya ba ƙaramin abu ba ne, domin shan giyar laifi ne mai haddi a jihohin da ke aiki da shari'a, kuma zargi marar hujja na iya faɗawa ƙarƙashin ɓata suna a sashe na 391 da 392 na kundin Final Kod. Ga likitocin kwamitin sashe na 144 kuma, na'urar hura numfashi ba ta nuna komai bayan 'yan awoyi, saboda hanta na share kusan kofi ɗaya a awa. Gwajin jini na PEth shi ke nuna shan makonni biyu zuwa huɗu da suka wuce. Mai sha sosai kuma ba a yanke masa giyar rana ɗaya don a fito da shi gaban jama'a: rawar jiki na farawa cikin awa 6 zuwa 24, farfaɗiya na iya biyo baya, mummunar rikicewa a kwana na biyu zuwa na uku, kuma tana kisa.

Idan wani ya kawo takardar asibiti, a yi taka-tsantsan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanan majinyaci sirri ne, ba a bayyana su sai da yardarsa a rubuce, ko umarnin kotu ko doka, ko idan ɓoyewar barazana ce ga lafiyar jama'a. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu tsauri, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ma ta keɓe abin da ke tsakanin likita da majinyaci. Ma'aikacin jinyar da ya fitar da takardar lasisinsa ke cikin haɗari, kuma takardar na iya zama ta bogi, musamman a lokacin zaɓe. Abin da za a iya nema a fili shi ne kuɗin gwamnati da aka kashe a jinyar, da yawan 'yan rakiya, da kwanakin da jirgin fadar ya yi a ajiye a waje.

Sanarwar likitan fada ita ma ba a haɗiye ta haka nan. Likitan François Mitterrand na Faransa ya yi shekaru yana fitar da rahoton lafiya lau, alhali an gano sankarar prostate (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza) tun 1981, ba a faɗa wa jama'a ba sai 1992. A duba wa ya sa hannu, ko kakaki ne ko likita mai suna da lasisi, wace rana aka yi gwajin, kuma me aka tsallake. Gwajin ƙwaƙwalwa na MoCA da ake yawan ambata maki 30 ne, minti goma ake yi, 26 zuwa sama ake ɗauka daidai. Tantancewar farko ce kawai, cin sa ba ya nuna mutum zai iya zaman awa shida a taron tsaro. Likitan da ya kalli bidiyo ya faɗi cuta a rediyo kuwa, kada a sa shi a rahoto; ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta hana 'ya'yanta yin haka tun 1973, kuma dalilin bai canza ba a ko'ina: bai duba majinyacin ba.