Yadda ake tantance 'yan wasan da suka fi ba ƙungiya kunya: misalin Toronto Raptors

Masu son ƙwallon kwando a Zariya suna da dalilin bin labarin Toronto Raptors, domin Masai Ujiri, wanda ya tashi a garin nan, shi ne ya karɓi ragamar ƙungiyar a 2013 har ta ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka da Kanada, a 2019. Shi ya sa idan matasa suka zauna a bakin fili a Samaru bayan atisaye, musu kan waɗanda suka fi watsa wa ƙungiyar ƙasa a ido ba ya wuyar tashi. Musun yana da amfani idan an bi shi da ma'auni, kuma ma'aunin shi ne tazarar da ke tsakanin abin da ƙungiya ta biya da abin da ta samu.

Ka fara da rubuta farashin kowane ɗan wasa kafin ka duba makinsa: lambar da aka ɗauke shi da ita a zaɓen sabbin 'yan wasa, inda lamba ta 1 ce ta fi daraja, ko kuɗin kwantiraginsa, ko mutanen da aka bayar a musanya shi. Wanda aka ɗauko a araha ya zauna a benci ba shi da gurbi a wannan lissafi, tunda babu wanda ya ɗora buri a kansa.

Daga nan sai ka duba wanda aka tsallake dominsa. A 2004 Toronto ta ɗauki Rafael Araujo ɗan Brazil a lamba ta 8, ƙungiyar da ke biye ta ɗauki Andre Iguodala a lamba ta 9. Araujo ya yi kaka biyu bai kai maki 4 a kowane wasa ba, shi kuwa Iguodala ya zama gwarzon wasannin ƙarshe na 2015.

Inda aikin ya fi wuya shi ne kan ɗan wasan da alƙalumansa suke da kyau a ido. Andrea Bargnani ɗan Italiya, wanda aka ɗauka a lamba ta 1 a 2006, ya yi kaka bakwai a Toronto, kuma a kakar 2010 zuwa 2011 yana cin fiye da maki 21 a wasa. Wanda ya tsaya a kan maki kaɗai zai wanke shi. Sai dai mutum mai tsawon ƙafa 7 ana ajiye shi ne domin ya tsare ƙarƙashin kwando, ya kuma cafe ƙwallon da ta dawo bayan an ɓarar da jifa, shi kuwa bai taɓa kai cafewa 7 a wasa ba a kowace kaka. Kada ka auna shi da ɗan wasa na tsaka-tsaki. Ka auna shi da LaMarcus Aldridge da aka ɗauka a bayansa, wanda aka zaɓa cikin taurarin gasar sau bakwai, alhali Bargnani ko sau ɗaya bai samu ba. Ujiri bai daɗe da zuwa ba ya miƙa shi ga New York Knicks.

Haka nan ka ware rauni da tsufa daga rashin himma, domin a nan ake yawan zaluntar mutane. Hakeem Olajuwon ya isa Toronto a 2001 yana da shekara 38, bayan ya riga ya ci wa Houston kofi a 1994 da 1995, saboda haka makinsa kusan 7 a wasa abu ne da ya kamata a yi tsammani. DeMarre Carroll, da aka ba kwantiragin dala miliyan 60 a 2015, ciwon gwiwa ne ya karya shi. Lamarin Hedo Turkoglu daban ne: ya zo a 2009 yana kan ganiyarsa, bayan ya taimaki Orlando ta kai wasannin ƙarshe, aka ba shi shekara biyar a kan fiye da dala miliyan 50, amma kaka ɗaya tak ya yi aka sallame shi zuwa Phoenix.

Kada kuma son ɗan gida ya rufe maka ido. Ujiri da kansa ya ɗauki Bruno Caboclo a lamba ta 20 a 2014, kuma wasa 25 kacal ya buga wa ƙungiyar. Yaro ne ɗan shekara 18 da aka yi kasada a kansa, don haka nauyin ya fi hawa kan wanda ya zaɓa.

Idan aka bi wannan hanya, a ganina Turkoglu ne a gaba, saboda an biya shi kuɗin gwani kuma bai daɗe ba, sai Bargnani, sannan Araujo, wanda tun farko aka ɗora shi a matsayin da bai kai ba.