Yadda za ka gwada jinkirin ido ɗaya da zare da baƙin tabarau

Tsakanin idanun babban mutum galibi akwai tazarar santimita 6 zuwa 6.5, shi ya sa kowane ido yake ganin abu ta ɗan ɓangarensa. Ƙwaƙwalwa ce ke gwama hotunan biyu ta san kusa da nesa. Sai dai tana ɗauka a lokaci guda suka iso, kuma ana iya yaudararta a nan.

Nemi zare mai tsawon mita 1, da ƙaramin abu mai nauyi kamar kwaɗon ƙofa, da baƙin tabarau. Ɗaura kwaɗon, ka rataya zaren a saman ƙofa a wuri mai haske, ka kafa kwalba daidai ƙarƙashinsa don ido ya sami abin kwatance. Ja baya mita 2. Wani ya saki kwaɗon ya riƙa lilo daga hagu zuwa dama. Sai ka kare idon dama kaɗai da gilashin tabarau, idanu biyu a buɗe.

Kwaɗon zai zama kamar yana kewaya kwalbar: in ya nufi dama ya matso gare ka, in ya koma hagu ya yi nisa. Mayar da gilashin kan idon hagu, kewayen ya juya.

Idon da aka rage wa haske yana jinkirin aika saƙo, kimanin kashi 15 cikin 1,000 na daƙiƙa in hasken ya ragu sau 10. Wato inda kwaɗon ya riga ya bari yake gani, ƙwaƙwalwa kuwa ta ɗauki saɓanin a matsayin nisa. Abin ya fi ƙarfi a tsakiyar lilo, inda gudu ya fi yawa. Carl Pulfrich, masani a kamfanin Zeiss na Jamus, ya bayyana wannan a 1922, ko da yake shi kansa ido ɗaya ne ke gani.

In gwajin ya ƙi, galibi lilon ne ya karkace tun wajen saki, ko an runtse ido, ko gilashin ya cika duhu har idon ya daina aiki. Mai harara-garke tun yarinta ba lalle ya ga komai ba.

Wanda kuwa ya ga kewayen ba tare da gilashi ba, ya je wurin likitan ido. Cutar yanar ido a ido ɗaya ko kumburin jijiyar gani kan jawo haka, kuma yana rikita direba wajen auna nisan mota.